Keke da Tsofaffin Kayan Gida a Ƙasar Ƙaraye da Rogo: Tarihinsu da Dalilin Adana Su

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin tarihin ƙasar Hausa sun daɗe suna dogara ga abubuwa uku, watau rubuce-rubucen malamai na Larabci da ajami, da takardun Turawan mulki, da kuma bakin dattawa da maroƙa. Waɗannan duka sun fi ba da labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe da haraji. Labarin talaka kuwa, yadda ya yi noma, ya kai amfaninsa kasuwa, ya aurar da 'ya'yansa, ya kai majinyacinsa asibiti, ba safai yake shiga takarda ba. Inda ya fi zama shi ne jikin kayan da mutum ya saya da guminsa, ya yi aiki da su, ya mutu ya bari.

Wannan maƙala za ta ɗauki ɗaya daga cikin irin waɗannan kaya, watau keke, ta bi tarihinsa a ƙasar Ƙaraye da Rogo da ke yammacin Jihar Kano. Sa'an nan za ta duba abin da ya sa waɗansu gidaje suke riƙe da tsohon keke bayan ya daina aiki, tare da sauran tsofaffin kaya irin su tasa da akushi da keken ɗinki. Abin da ake so a nuna shi ne darajar tsohon keke a wurin masu shi tana rataye ne ga labarin da ke tare da shi, kuma ran da labarin ya ɓace, to keken ya zama ƙarfen da ake ɗorawa a sikeli a saya da kilo.

2.0 Ƙasar Ƙaraye da Rogo

Ƙaraye tsohon gari ne mai ganuwa. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambace shi a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Zaki da ɗansa Muhammadu Nazaki, watau ƙarshen ƙarni na 16 da farkon na 17, a matsayin sansanin da Kanawa suke fuskantar Katsinawa daga cikinsa. A can ne Wambai Giwa ya zauna yana kai hare-hare. Garin iyaka irin wannan garin doki ne, domin da doki ake tsare shi, da doki kuma ake auna girman mutum a cikinsa. Wannan batu yana da muhimmanci, saboda kamar yadda za a gani nan gaba, gurbin doki keke ya tarar ya shiga.

Rogo tana kudu da Ƙaraye, ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Yau kowacce ƙaramar hukuma ce mai cin gashin kanta, amma dokar masarautu da Jihar Kano ta yi a 2024 ta haɗa su biyun a ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye. Ƙasa ce ta noma, mai samun damina fiye da arewacin Kano, mai fadamu da rafuka, kuma a cikinta aka gina madatsar ruwa ta Challawa wadda aka kammala a 1992. Jama'arta suna warwatse ne cikin garuruwa da ƙauyuka irin su Kafin Dabga da Turawa da Yammedi da Tudun Kaya a wajen Ƙaraye, da Fulatan da Zarewa da Beli da Gwangwan a wajen Rogo.

Abin lura a nan shi ne yadda hanyar jirgin ƙasa ta yi da wannan yanki. Layin Zariya zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ya bi ta gabas, ta Dangora da Madobi. Layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka gama a 1929, ya bi ta yamma, ta Funtuwa. Ƙaraye da Rogo suka zauna a tsakani, jirgi yana wucewa dama da hagu, babu wanda ya ratsa su. Duk wanda yake son ya isa tasha, ko wurin awon auduga, ko birni, sai ya nemi abin hawansa.

3.0 Shigowar Keke

Keken da aka sani yau, mai ƙafa biyu daidai da juna da sarƙa mai juya ƙafar baya, an fito da shi ne a garin Coventry na Ingila a 1885, ta hannun John Kemp Starley. A 1888 Dunlop ya fito da tayar da ake hura wa iska, kuma a wajejen wannan lokaci ne aka kafa kamfanin Raleigh a Nottingham. Ashe ke nan sa'ad da Turawa suka ci Kano a 1903, keke bai cika shekara ashirin da samun kamanninsa ba ko a ƙasarsu.

Da fari keke kayan Bature ne da ma'aikatansa, akawu da tafinta da masinja. Abin da ya fitar da shi daga barikin Turawa zuwa ƙauye kuɗin amfanin gona ne. Tun daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano, kuma kamfanin auduga na BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902, ya sa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa. Kantunan Turawa, waɗanda da yawansu suka haɗu suka zama UAC a 1929, su ne masu sayen gyaɗa, su ne kuma masu sayar da atamfa da kananzir da keke. Kuɗin da ya fita ta wannan ƙofa yakan komo ta waccan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu farashin amfanin gona ya tashi, aka kafa hukumomin ciniki na gyaɗa da auduga a 1949, kuma daga nan har zuwa farkon shekarun 1970 shi ne zamanin da keke ya zama abin da manomi mai ƙwazo zai iya sa wa rai idan kaka ta yi kyau.

Irin keken da ya shigo shi ne baƙin nan mai nauyi, mai ƙafa inci 28, mai birkin ƙarfe maimakon na waya, wani har da sanda biyu da rufin sarƙa. Sunayen da suka yi fice su ne Raleigh mai tambarin kan tsuntsu, da Rudge mai tambarin tafin hannu, da Hercules da Humber da Phillips. Mai saye yakan yi gardama a kan wanda ya fi ƙarko, alhali kuwa kamfanin Raleigh ya saye Humber a 1932, ya saye Rudge a 1943, kuma a 1960 ya shiga hannun kamfanin da ya mallaki Hercules da Phillips, duk suka koma gida ɗaya. Daga baya Raleigh ya kafa masana'antar haɗa kekuna a Kano. Tallansa da ya bazu a Afirka shi ne hoton mutum a kan keke yana dariya, zaki yana biye da shi ya kasa cim masa.

4.0 Keke a Bakin Bahaushe

Sunaye biyu suka shigo tare da wannan abin hawa. Ɗaya shi ne basukur, wanda aka aro daga Ingilishi, ɗayan kuwa keke, wanda masana harshe da dama suke ganin daga Yarbanci ya zo. Basukur ya tsufa, sai a bakin dattawa da cikin ƙamus. Keke kuwa ya yi rassa, ya zama sunan kusan duk wata na'ura mai juyawa da ake sarrafawa da hannu ko ƙafa, aka sami keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu da keken saƙa, har zuwa keke mai ƙafa uku da ke ɗaukar fasinja a yau.

Idan aka dubi sunayen sassan keke za a ga sun kasu gida biyu. Kashi na farko aro ne daga Ingilishi wanda aka lanƙwasa ya dace da harshen Hausa: taya da feda da birki da kariya da famfo da bawul da boris da giris da faci da sholisho. Waɗannan kalmomin makanikai ne, sun biyo kayan gyara daga kanti. Kashi na biyu kuwa Hausa ce ta asali, kuma mafi yawanta daga wurin doki da rayuwar gida aka ɗauko. Wurin zama sirdi ne. Hawa ake yi, a yi sukuwa, a yi tsere. Wanda aka ɗauka a baya goyo aka yi masa, kamar yadda uwa take goya ɗanta. Tayoyin ma ƙafafu ake ce musu, ta gaba da ta baya. Shi kansa keken an yi masa laƙabi da dokin ƙarfe.

Wannan rabuwa tana nuna yadda Bahaushe ya ɗauki abin. Cikinsa na Bature ne, amma hawansa da matsayinsa na doki ne. Saboda haka aka yi masa ado irin na doki: a naɗe sandarsa da leda mai launi, a sa wa sirdi riga mai tuntu, a ɗaura madubi biyu ko fiye, a ƙara ƙararrawa, wani ma ya ƙi cire takardar da aka naɗo shi da ita daga kanti har sai ta yage don kanta. A zaure ake kafe shi, inda baƙo zai gani, kamar yadda ake ɗaure doki a turke a ƙofar gida.

5.0 Aikin da Keke Ya Yi

A ƙasar da motoci ba sa shiga sai ran kasuwa, kuma da damina rafuka sukan yanke hanya, keke ya yi aikin da babu abin da ya yi kamarsa. Yana bin turbar ƙafa, idan an zo rafi a saɓa shi a kafaɗa a haye, ba ya cin dawa, ba ya son harawa, ba ya kamuwa da ciwon dabbobi. Tafiyar da take cin yini a ƙafa ta koma ta hantsi.

Hukumar En'e ita ta fara cin moriyarsa a gundumomi. Malamin haraji da malamin gona da malamin daji da duba-gari da ɗan doka da masinjan hakimi duk a kan keke suke zaga ƙauyuka. Ita kuma En'e ta mai da shi hanyar samun kuɗin shiga, ta sa masa lasin na shekara, ana ba da 'yar lamba ta ƙarfe a ɗaura a jikinsa, wanda aka kama babu ita ya biya tara. Malaman makarantun firamare da malaman Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 su ma da shi suka isa ƙauyukan da aka tura su, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana ɗaure a kariya.

Siyasa ma ta hau shi. Bayan an kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, 'yan jam'iyyar, waɗanda mafi yawansu teloli ne da 'yan koli da ƙananan 'yan kasuwa, ba su da motocin zaga karkara, sai suka dogara ga keke wajen kai saƙo da katin jam'iyya gari gari. Mutumin da zai iya barin garinsu da asuba, ya halarci taro a wani gari, ya komo kafin dagaci ya san ya fita, ya sami wani irin 'yanci da kakansa bai sani ba.

Ta fuskar sana'a kuwa, keke ya haifi sababbi ya kuma ƙarfafa tsofaffi. Ɗan koli ya ɗora akwatinsa ya riƙa cin kasuwa uku ko huɗu a mako. Mai rake da mai kananzir da mai kifi da wanzami duk suka faɗaɗa yawonsu. Aka sami mai faci a gindin bishiyar kasuwa, da kwanon ruwansa na neman huji. Aka sami masu ba da haya, inda yaro yakan tara kwabbansa ya karɓi keke na ɗan lokaci ya koyi hawa, da yawa kuma a nan suka sami tabon gwiwar da suka tsufa da shi. Saurayi yakan ari keke ya je zance, duk da an san kayan aro ba ya rufe katara. A kan kariyar keke aka kai mata masu naƙuda da yara masu zazzaɓi ɗakin shan magani, a kansa aka kai sanarwar haihuwa da ta rasuwa.

Sai dai a lura, hawan keke a wannan yanki ya zama na maza ne. Abin da ya yi wa mace daidai da abin da keke ya yi wa namiji shi ne keken ɗinki na hannu da kayan jerenta, kuma za a komo kansu.

6.0 Ja da Baya

Abubuwa da dama suka taru suka sauke keke daga matsayinsa. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun karya noman da yake kawo kuɗin sayensa. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashi na Udoji wanda aka biya a 1975, ma'aikacin da yake alfahari da Raleigh ya koma neman Honda ko Yamaha ko Vespa. Keke ya sauka daga hannun malami ya koma hannun ɗalibi da manomi.

Bayan 1986, sa'ad da aka karya darajar naira a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, kayan Ingila suka fi ƙarfin talaka. Kekunan Sin irin su Phoenix da na Indiya irin su Hero suka cika kasuwa, daga baya kuma kwancen kekuna daga Turai da Japan suka biyo. Shi kansa kamfanin Raleigh ya daina ƙera keke a Nottingham a 2002. Da baburan Sin masu araha suka yawaita a farkon wannan ƙarni, sai ya zama saurayin ƙauye ba ya mafarkin keke sam. Cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya sa waɗansu sun kakkaɓe kekunansu sun koma hawa, amma wannan komowa ce ta larura. Tsohon baƙin keken nan na Ingila ba a ƙara yin irinsa ba, wanda ya rage a hannun mutane shi ke nan.

7.0 Dalilin Adanawa

A Turai da Amurka akwai masu tara tsofaffin kekuna don sha'awa. Sukan nemi wanda ba a taɓa canja masa ko da ƙusa ba, su duba lambar da aka buga a jikinsa su gane shekarar ƙirarsa, su goge shi su kafe a ɗaki, darajarsa kuma tana ƙaruwa gwargwadon ƙarancin irinsa. Abin da ake samu a Ƙaraye da Rogo, da sauran karkarar ƙasar Hausa, ya sha bamban da wannan. Ba a cika samun mai tara kekuna goma ba. Abin da ake samu shi ne gida mai keke ɗaya wanda aka ƙi rabuwa da shi, yana jingine a zaure, ko an rataye shi a rumbu, ko kuwa har yanzu wani dattijo yana lallaɓawa da shi zuwa masallacin Juma'a. Sau da yawa babu abin da ya rage na asali a jikinsa sai gangar jikin da tambarin, an canja taya da sirdi da sarƙa ba adadi, maƙeri ya yi masa walda a wuri biyu ko uku. A idon mai tarawa na Turai wannan keke ya lalace. A idon masu shi kuwa kowane gyara shaida ce ta wata shekara da aka ratsa tare.

Ana iya kasa dalilan wannan riƙo gida huɗu. Na farko shi ne tunawa da mahaifi. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, kuma abin da hannun uba ya daɗe yana riƙewa, kamar carbi da allo da takobi da keke, yana da wani matsayi da kuɗi ba sa biya. Na biyu shi ne shaidar gumi. Keke shi ne babban abu na farko da magidanta da yawa suka saya da kuɗin nomansu, saboda haka ya zama ma'aunin shekaru a cikin gida, a ce an haifi wane shekarar da aka sayi keke, ko an yi auren wance kaka biyu bayansa. Na uku shi ne yarda da ƙarkon kayan da, abin da karin magana ya taƙaita da cewa da tsohuwar zuma ake magani. Na huɗu shi ne tattali, domin ajiya maganin wata rana ce, kuma wanda ya ga yadda mai ya yi tsada ya san ranar tana iya zuwa.

Haka abin yake a cikin gida wajen mata. Jeren ɗakin amarya ya bi zamani hawa hawa: daga ƙorai da akusa da faifai, zuwa tasoshin jan ƙarfe da farin ƙarfe, zuwa kwanonin fenti irin su langa da fanteka, zuwa tangaran da na yau. Tsohuwa takan fitar da tasa ɗaya daga ƙarƙashin gado ta faɗi wadda ta ba ta, da wadda ta ba waccan, har hawa uku ko huɗu. Wannan silsila ce ta mata wadda ba a rubuta ta a ko'ina ba, domin asalin gida ta wajen maza ake ƙirga shi. Tare da tasa akan sami adudu, da akwatin ƙarfe, da dutsen guga na gawayi, da fitilar ƙwai, da keken ɗinki Singer, da kwabo mai huji da anini da sisi waɗanda suka daina aiki, musamman bayan shigowar naira da kobo a 1973. Kowannensu yana da ranar da ya shigo gidan da dalilin shigowarsa.

8.0 Abubuwan da ke Cinye Su

Abu na farko da yake raba gida da tsohon kayansa shi ne rabon gado. A shari'a duk abin da mamaci ya bari, bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, haƙƙin magada ne gwargwadon rabon kowa. Keke ba ya rabuwa, saboda haka sai a yi masa ƙima, ko wani magaji ya karɓe shi a cikin rabonsa, ko a sayar a raba kuɗin. Idan akwai marayu ƙanana, ko magadan suna cikin matsi, sayarwa ta fi sauƙi. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yin ta ga magaji, saboda haka uban da yake son wani ɗa ya riƙe kekensa hanyarsa ita ce ya ba shi kyauta tun yana da rai, ɗan kuma ya karɓa ya riƙe. Shari'a ba ta hana adanawa ba, amma tana bukatar a yi niyya a yi shiri, abin da ba kowa yake tunawa da shi ba.

Abu na biyu shi ne cinikin tsohon ƙarfe. 'Yan gwangwan, waɗanda ake kuma kira 'yan jari-bola, suna bin gari da ƙauye da baro da sikeli, suna sayen duk abin da yake ƙarfe ne, ko su musanya shi da bokitin roba. Sana'a ce ta halal wadda take ciyar da mutane da yawa, amma sikeli bai san Raleigh ba, bai san tasar kaka ba. Jan ƙarfe ya fi baƙin ƙarfe kuɗi, don haka tasoshin da suka fi tsufa su suka fi saurin tafiya. Abin da ya shekara saba'in a gida yakan fita cikin minti biyar, sau da yawa ta hannun yaron da bai san ko mene ne ba.

Abu na uku shi ne rashin gurbi a hukumance. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta fi mai da hankali ga kayan da aka ƙera a ƙasar nan kafin 1918, ko waɗanda aka yi amfani da su a bukukuwan gargajiya. Keken da aka ƙera a Nottingham aka saya a kantin Kano bai shiga wannan sahu ba. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a birnin Kano suna adana kayan sarauta da na yaƙi da na sana'o'in gargajiya, wannan kuwa aiki ne mai kyau, amma kayan zamanin En'e na gidan talaka sun faɗa tsakani: sun yi sabunta ga gidan tarihi, sun yi tsufa ga masu gida.

Abu na huɗu, wanda ya fi sauran, shi ne mutuwar masu labari. Wanda ya sayi keke yana saurayi a 1955 ya haura shekara tamanin yau, in yana raye. Shi kaɗai ya san buhu nawa ya sayar, da kantin da ya je, da wanda ya raka shi, da yadda ya turo keken har gida don bai iya hawa ba tukuna. Idan ya rasu ba a tambaye shi ba, ɗansa zai riƙe keken don kunya, jikansa kuwa ba shi da dalilin riƙewa.

9.0 Kammalawa

An ga yadda keke ya shigo ƙasar Ƙaraye da Rogo a bayan gyaɗa da auduga, ya gaji sunayen doki da adonsa, ya yi wa En'e da 'yan siyasa da 'yan kasuwa aiki, sa'an nan babur ya ture shi. An kuma ga cewa masu riƙe da tsofaffinsa suna riƙe da su ne saboda mutanen da suka hau su da shekarun da suke tunasarwa.

Aikin da ya rage na malamai ne da ɗalibai, kuma ba mai tsada ba ne. Ɗalibin da yake neman abin rubuta kundi zai iya ɗaukar gari ɗaya, Zarewa ko Turawa alal misali, ya bi gida gida ya rubuta kowane tsohon keke da tasa da keken ɗinki: sunan ƙirarsa, da lambar jikinsa, da wanda ya saya, da shekarar, da abin da aka sayar aka saye shi, da hannuwan da ya ratsa. Ya ɗauki hoto, ya ɗauki muryar mai shi, ya tattara kalmomin masu faci tun ba su bi basukur ba. Malamin firamare zai iya aika yara su tambayi kakanninsu abin da ya fi tsufa a gidansu. Masarauta da ƙananan hukumomin biyu za su iya ware ɗaki ɗaya inda mai son ya ba da ajiya zai kai, a rubuta sunan gidansu a jiki. Ba lalle ne a raba mutane da kayansu ba, domin a zauren da keke ya tsufa a nan ya fi ma'ana. Abin da ake bukata shi ne a rubuta labarin tun masu shi suna da rai, a bar kwafi ɗaya a gidan, yadda duk jikan da mai sikeli ya yi wa sallama zai san abin da yake shirin sayarwa.